Goron da Tsahara Ba Ta Ci Ba

Duk wanda ya ce maka Tsahara mai sauƙin kai ce, to bai taɓa taya wake a hannunta ba. Ni Kande darni ɗaya ya raba ni da ita a Tungar Barmo, yamma da Bazaga, tun muna amare har muka fara goyon jikoki. Ban taɓa ganin ta bi magana don kawai masu faɗinta sun yi yawa ba.

Da mijinta Labo zai bar duniya, abu biyu ya bar mata, gona da saniya. Gonar tana arewa da gari, a bakin burtalin da shanu ke bi in za su tafi arewa da damina, su kuma biyo shi in za su gangaro tabki da kaka. A daidai nan burtalin ya matse sosai, yamma dutse da kwazazzabo, gabas gonar Tsahara, shi ya sa muke kiran wurin Maƙoshi. Ɗanta Lurwanu yana Ikko wajen neman abin kansa, ita ke riƙe masa gonar har ya dawo. Saniyar kuwa ja ce mai dogon ƙaho, ana ce da ita Ta-Labo. Tana hannun Shehu, Bafulatanin da ya yi abota da Labo tun suna samari, kuma ta daɗe a garkensa har ta zama ita ce ta gaba. Inda ta sa ƙafa, nan sauran ke sawa.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, wani kamfani ya samu aikin jan wayar kuran, wato wutar lantarki, ta wajenmu. A tsakiyar marka suka zo, gero ya fara fitar da kai. Suka kafa rumfa a ƙofar maigari, suka jera kujerun ƙarfe, suka kawo buhun sukari da ganyen shayi da huhun goro. Wanda suka sa gaba ya yi mana magana ba baƙo ba ne. Munkaila ne, ɗan Balki, wanda ya yi lakwal, wato boko, a Ƙonni har ya samu buro, ofis ke nan, da babur. Aikinsa ke nan a kamfanin, ya shiga ƙauyuka ya yi wa mutane magana mai daɗi, kuma Allah ya ba shi bakin.

Ya durƙusa ya gai da dattawa, ya tashi ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya ce, “Iyayena, kamfani bai zo ƙwace ba, shawara munka zo nema. Hili kaɗan mu ka so, inda za mu aje kayan aiki da babban injin da ka raba kuran. Ku da kanku za ku nuna muna wurin. Mu kau mu sa hitila ga masallaci, mu kawo ma mata injin niƙa.”

Da aka ambaci injin niƙa mata muka yi guɗa daga baya, ni ce ma na fara. Maza kuwa sai kallon juna, kowa na jiran wani ya ba da gonarsa. Kowa ya san kuran abin so ne, amma a gonar maƙwabci.

Can sai Na'Allah, ƙanen maigari, ya gyara murya ya ce, “To ga Maƙoshi nan? Burtali ai ba hilin kowa ba na.”

Ka ji yadda wuri ya ɗauka da “Haka na, haka na”, kamar an sauke wa kowa dami daga ka. Masu burtalin suna can arewa da shanunsu, ba wanda zai buɗe baki dominsu. Kuma kada wani ya ce Munkaila bai san abin da ake nufi da Maƙoshi ba. A nan ya yi kiwon awakin uwarsa yana yaro. Ya sani sarai, ya dai ga abin ya zo masa da sauƙi ne, ya yi murmushi ya ce a raba goro.

A wurinmu goron magana ba na marmari ba ne. In an ƙulla zance an raba ka ci, to ka yarda ke nan, ko gaban wa aka je. Faifai ya zaga maza, ya zo kan mata. Ni goro juwa yake sa ni, ba na cinsa, don haka kada a ba ni ladan da ba nawa ba. Da faifan ya iso gaban Tsahara sai ta sa bayan hannu ta ture shi, ta ɗaga murya yadda maza za su ji.

“Ɗan Balki, shanun da sunka tahi arewa, ka ji an ce sun mutu can?”

Ya ce, “A'a, Inna.”

“To in sun komo, ta sama za su bi tare da wayarku?”

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ce, “Za a duba wanga, Inna, ki kwantar da hankalinki.”

Ta ce, “A duba kahin a ci goro, ba bayan an ci ba.” Ta kaɗe zanenta ta tafi gida. Na'Allah ya bi ta da cewa tsufa ne, aka ci gaba da rabon sukari.

Kafin ruwa ya ɗauke sun gama. Suka zuba siminti, suka kafa sandunan ƙarfe, suka ja shingen waya tun daga gindin dutse har iyakar gonar Tsahara, ko jaki ba zai ratsa ba. Ƙofar suka yi ta arewa, inda motocinsu ke shigowa daga hanyar jan ƙasa. Kullum in Tsahara za ta gona takan tsaya ta dubi shingen, ta yi tsaki, ta wuce.

Kaka ta yi, aka yanke gero, amma wake bai ƙosa ba. Na Tsahara ya yi kyau a shekarar nan, ya rufe ƙasa ruf, ’ya’ya reto-reto. Wata hantsi muna sussuka sai muka hango ƙura ta arewa, muka ji kukan shanu. Shehu ne ya dawo. Ta-Labo na gaba da tsohon ciki, ta zo har jikin waya ta tsaya, ta shinshina, ta yi kuka. Tabki na can kudu, tana jin ƙanshin ruwa, ba hanya.

Nan fa aka tuna da Tsahara. Munkaila ya zo da maigari har ƙofar gidanta, ya durƙusa yadda ya saba.

“Inna, abu ya zo da kuskure. Ki yi haƙuri shanu su ratsa ta gonarki bana kaɗai. Kamfani shi biya waken duka, har da harawa. In injin niƙa ya zo kau, ke za a ba riƙonai.”

Ta dubi maigari ta ce, “Ranka shi daɗe, kai ka yanke shari'a garin ga. Gonar da mai ita ya buɗe ma shanu da bakinai, baɗi mi a sunanta?”

Maigari ya sunkuyar da kai. Kowa ya san amsar. Inda kofato ya taka da yardar mai gona ya zama hanya, ba a sake shuka shi. Haka muka tarar, haka ake yi har yau.

Ta ce, “To kun ji. Ku ci goro, ni in biya da gonar marayana? Wanda duk ya ci, shi buɗe tashi.”

Ba wanda gonarsa ke Maƙoshi sai ita, shi ya sa goron ya yi musu daɗin ci.

Daga nan ta ɗauki sandarta ta nufi wurin Shehu, na bi ta, don ni ba a yin abu ba ni. Muka tarar da shi tsaye ya rataya hannuwa a sanda, idanunsa sun yi ja. A bakin gonaki kuwa samarin gari sun fara taruwa da kulake, wai suna tsaron amfanin gona. Raina ya ɓaci ƙwarai da na gan su. Iyayensu suka toshe hanya, su kuma sun zo dukan wanda aka toshe wa.

Tsahara ta ce musu, “Wanda duk ya ɗaga kulki bisa Bahillace da sunan gonata, ban yahe mai ba. Ku watse.” Suka ja da baya suna gunaguni.

Shehu ya ce, “Uwar Lurwanu, ba ni iya komawa. Bayana gonakin mutane na, kuma ga wasu garkuna nan tahe. Amma na ci abinci akushi guda da Labo. Ba ni taka gonatai sai kin ce.”

Ta ce, “Ba ni cewa. Ku zamna nan ƙohwarsu. Su sunka rufe, su za su buɗe.”

Haka aka yi. Shehu ya kwantar da shanunsa a ƙofar kamfani. Garke na biyu ya iso, na uku ya iso, har wurin ya cika maƙil, ƙaho na gugar ƙaho. Motocin kamfani na ciki suka kasa fita, na waje suka kasa shiga. Direba ya danna oda har ya gaji, saniya ta dube shi tana tuƙa. Aka kira jandarma daga Ƙonni, suka zo suka zaga, babbansu ya tambayi maigari wa zai kama. Ba wanda ya yi duka, ba wanda ya taɓa waya, shanu kuma a kan burtalinsu suke. Ya sha fura ya koma.

Amma ƙishirwa ba ta san mai gaskiya ba. Rijiyar gari tana kudu, sai ta ’yar siririyar hanyar ƙafa da ke gefen gonar Tsahara ake iya kai ruwa. Ita ta fara ɗaukar tulu, ni na bi, matan Fulani suka shigo, daga baya wasu matan gari suka biyo mu a ɓoye, mazansu na harara. Mun yi jigila har wuyanmu ya sage. To amma me tulu zai yi wa garke? Maruƙa muke ba, da masu ciki, su ma ɗin jiƙa maƙoshi ne kawai. Dare da rana kukan shanu bai bar kowa ya huta a Tungar Barmo ba, kuma na ji daɗin haka, don kunnen da ya ƙi jin magana ya kamata ya ji kuka.

Kamfani kuwa ya ce sai an kai magana Yamai, sai babba ya sa hannu, simintin da aka zuba ba a fasa shi haka nan. Jira suke tsohuwa ta gaji.

Ta-Labo ce ta fara nuna alama. Ga tsufa, ga ciki, ga doguwar tafiya daga arewa, ga tsayuwa cikin rana ba ciyawa. Idanunta suka faɗa, ƙafafun baya suka fara rawa. In Tsahara ta kai mata ruwa, kafin ta sha rabi sauran sun ture ƙwaryar. Wata rana da azahar Munkaila ya same mu a wurin. Ya rame shi ma, wannan kam ban musa ba, don manyansa sun sa shi gaba.

Ya ce, “Inna, dubi saniyarki. Taki ta, gonar ma taki ta. Ki sa mata igiya ki ja ta ita ɗai ta gehen gona ki kai ta tabki. Wa za ya ce miki don mi?”

Na dubi Tsahara. Wallahi ni kaina na so ta yarda. Saniyar nan ita ce abin da ya rage mata mai numfashi daga dukiyar Labo.

Ta juya ga Shehu ta ce, “In na ja ta, kana iya tsai da sauran?”

Shehu ya girgiza kai. “Uwar Lurwanu, da wata ta, da na iya. Wagga in ta ɗaga ƙahwa, ko mu ɗari muke da sanduna ba mu tare su.”

Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. Munkaila ma ya san haka, ai shi ya sa ya kawo shawarar.

Tsahara ta daɗe tana shafa wuyan saniyar. Sannan ta ce, “Ɗan Balki, uwarka ta goya ka da kyau, amma ba ta koya maka kunya ba. Tashi ka ba ni wuri.”

Washegari da hantsi Ta-Labo ta durƙushe, aka ɗaga ta ta kasa tsayuwa. Shehu ya aiko aka kira Tsahara. Ta zo ta duba, ba ta yi kuka ba, ta ce a kira liman ya yanka kafin ta zama mushe. Aka yanka, aka feɗe. Da aka buɗe cikin aka tarar da ’yar maraƙa, ja kamar uwarta, har gashi ya fito. Shehu ya juya baya ya rufe fuska da rawaninsa. Ni kam na yi kuka, ban ɓoye ba.

Na ɗauka za ta sa a sayar da naman ta rage asara. Ina! Ta ce a kasa shi kashi-kashi, ta zauna tana faɗin sunayen gidaje, duk gidan da maigidansa ya ci goron kamfani. Ba ta manta ko ɗaya ba. Mu mata muka ɗauka a faya-fayai muna kaiwa, da saƙon da ta ce a faɗa a kowace ƙofa: “Tsahara ta ce ga cikon goronku.”

Hanta da ƙafar gaba ta ɗauka da kanta. Ranar kuwa wani babban kamfanin ya zo daga Ƙonni, ya bar motarsa nesa ya ratso shanu da ƙafa yana toshe hanci. Suna tsaye da Munkaila da maigari a bakin waya ta iso. Ta ajiye faifan a gaban Munkaila, jini na ɗiga ta ƙasa.

Ta ce, “Ka kawo min goronka ban ci ba. Ga nawa, kai ka ci. Ka gaya ma maigidanka da Faransanci, saniya ta tahi, gona tana nan. In akwai sauran abin da ku ka jira in rasa, ku hwaɗa min in kawo muku shi da kaina.”

Babban ya tambayi abin da ta ce. Munkaila ya kawar da kai daga faifan, ya kasa fassara masa. Karo na farko ke nan da na ga maganarsa ta ƙare.

A ranar ba gidan da aka ɗora naman nan a wuta. Matar Na'Allah ta gaya mini mijinta ya zauna gaban faifan kamar wanda aka kawo wa sammaci, ƙuda na bi, ya kasa cewa a dafa, ya kasa cewa a mayar. Bayan la'asar sai ga shi ya fito da diga a kafaɗa. Ya tsaya wurin mai tebur ya sayi goro cike da ƙwarya, ya nufi Maƙoshi. Maza suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, wannan da dagi, wancan da gatari, ba mai kallon idon wani. Maigari ya zo ƙarshe, a kan jakinsa.

Na'Allah ya ajiye ƙwaryar a gaban babban kamfani ya ce, “Ga goronku mun maido. Abin da munka ba ku ba namu ba na, ba mu da ikon ba da shi. Ku ja wayarku baya da hannunku, ko mu ja muku.”

Babban ya dubi digogi, ya dubi shanu, ya dubi motocinsa da suka yi ƙura a cikin shinge. Maganar da aka ce sai Yamai, a nan tsaye ta ƙare. Kafin rana ta faɗi ma'aikatansu sun kwance waya ta gefen dutse, mazan gari na fasa siminti, aka buɗe faɗin da shanu za su wuce. Na ga Munkaila ya tuɓe rigar buro yana jan sandar ƙarfe tare da su. Ban yaba masa ba, ban kuma zage shi ba.

Injin niƙa dai har yau muna jira, turmi bai huta ba.

Da hanya ta buɗe, Tsahara na tsaye a cikin wakenta, ina gefenta. Shanu suka yunƙura suka tashi, amma suka tsaya cirko-cirko a bakin Maƙoshi suna kuka, ba wadda ta shiga. Ta gaba suke jira. Sai da Shehu ya shiga tsakiya ya kamo wata baƙa ya ja ta da hannu, sannan sauran suka bi, suka gangara tabki da gudu. Ko ganye ɗaya na gonar Labo ba su taka ba.

Matar da ta tsaya a yanka saniyarta ido bushe, da ta ga baƙar nan a gaba sai ta zauna daɓas a cikin wake, ta rufe kai da zane, ta yi kuka kamar ranar da aka fita da Labo. Ban ba ta haƙuri ba, don na san ba ta so. Na zauna kusa da ita har garken ƙarshe ya wuce.

Sannan ta share fuska, ta taɓa wani kwanso ta ji ya bushe, ta ce, “Kande, waken ga ya ƙosa. Gobe ki zo da ƙwaryarki.”